Abin da Ɗankwali Ke Rufewa: Zubewar Gashin Mata da Hanyoyin Magance Ta

Wannan jawabi ne da malamai mata masu koyar da kimiyya da ilimin kiwon lafiya suka shirya, ɗaya daga cikinsu ta karanta a madadinsu a taron reshenmu da aka yi a Ƙofar Mazugal. Mun buga shi cikakke bisa roƙon mahalarta, domin waɗanda ba su samu zuwa ba da iyalansu.

 



Mun san cewa da aka sanar da batun da za mu tattauna yau, akwai waɗanda suka ce a ransu: ga maganar ƙarin girma, ga azuzuwa cike maƙil, ga tsadar rayuwa, a rasa abin da za a tara mu a kai sai gashi? Tambaya ce da ta cancanci amsa. Za mu amsa ta da labarin wata abokiyar aikinmu, wadda ta yarje mana mu faɗa bisa sharaɗin mu sakaya sunanta.

Shekara uku gashin tsakiyar kanta yana raguwa, wurin yana ƙaiƙayi, wani lokaci yana zafi in ta taɓa. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta daina zuwa wurin makitsiyar unguwa don gudun tsegumi. Kowane ƙarshen wata sai ta ware wani abu daga albashinta ta sayi mai: yau na Kasuwar Kurmi, gobe na Sabon Gari, jibi na wata mai talla a waya. Da abin ya ƙi, sai zuciya ta fara raya mata cewa hannu aka sa mata, kuma ba ta nemi mai hannun da nisa ba, abokiyar zamanta ta zarga. Gaisuwa ta yanke a tsakaninsu, 'ya'yansu suka shiga ciki. Sai a shekara ta huɗu ta je wurin likitan fata. Ya duba, ya shaida mata cewa ciwo ne sananne mai suna, mai barin tabo a fatar kai. Abin da ya riga ya tafi, kusan faɗin tafin hannu, ba zai dawo ba, amma za a iya tsare abin da ya rage. An kuwa tsare shi. Ta yi asarar gashi, ta yi asarar kuɗi, saura ƙiris ta yi asarar zaman lafiyar gidanta, alhali da ta je a shekarar farko, da mafi yawan wannan bai faru ba.

Saƙonmu ke nan a dunƙule. Zubewar gashi alama ce da cututtuka da dalilai masu yawa ke haifarwa. Wata takan wuce da kanta, wata sai da magani, wata kuma in an yi jinkiri ba ta da gyara. Saboda haka wajibi ne mace ta san sunan abin da ke damunta kafin ta sayi magani, kuma ta neme shi da wuri. Mu kuma da yake mata ne masu lulluɓi, kanmu a rufe yake wuni guda, sai ya zama abin da ke faruwa a ƙarƙashin ɗankwali yakan yi shekaru babu idon da ya gan shi balle a ba da shawara.

Yadda gashi ke rayuwa

Kan ɗan Adam na ɗauke da gashi kimanin 100,000. Kowane sili yana fitowa ne daga wani ɗan rami a cikin fata, wanda za mu riƙa kira tushe. Tushen ne mai rai. Silin da muke tajewa ba shi da rai, shi ya sa ba a jin zafi in an yanke shi. Kowane tushe yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana fitar da gashi, wajen santimita ɗaya a wata, sannan ya huta na kimanin wata 3, tsohon silin ya faɗi, sabo ya biyo baya. A kowane lokaci kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na tushen suna aiki, sauran suna hutu. Don haka faɗuwar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Wadda ta yi mako uku da kitso, ranar tsifa za ta ga na kwana ashirin da ɗaya a tare, kada wannan ya tayar mata da hankali.

Abu na farko da mace za ta iya yi a ɗakinta shi ne ta bambanta zubewa da karyewa. Ta ɗauki gashin da ya maƙale a mataji ta duba shi a haske. In dogo ne kuma akwai ɗan farin kai a ƙarshensa, daga tushe ya fito, zubewa ce. In gutsattsari ne gajeru marasa kai, karyewa ce, tushen na nan lafiya. Gashinmu na baƙar fata nannaɗaɗɗe ne, maiƙon da fata ke fitarwa ba ya gangarawa har ƙarshensa, saboda haka yana saurin bushewa da karyewa, musamman da hunturu.

Zubewar da takan wuce

Idan jiki ya gamu da babbar wahala, yakan tura tushe masu yawa hutu a lokaci guda. Ba nan take ake ganin sakamakon ba, sai bayan wata 2 zuwa 3, lokacin da mace ta riga ta manta da jinyar. Zazzaɓin taifod, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, tiyata, zubar jini, rashin wani makusanci, ko rage cin abinci da gangan don a rame, duk suna jawo wannan. Gashin kan zube daga ko'ina a kai, ba ya barin fili guda, kuma galibi yakan daidaita cikin wata 6 zuwa 9 idan sanadin ya kau.

Haihuwa ita ce misalin da kusan kowaccenmu ta sani. A lokacin goyon ciki sinadaran jiki kan riƙe gashin da ya kamata ya faɗi, shi ya sa kan mai ciki ke cika. Bayan haihuwa sai a biya bashin gaba ɗaya, yawanci a wata na uku ko na huɗu, daidai lokacin da malama ke shirin komawa aji. Shayarwa ba ta da laifi a nan, kada a yaye yaro saboda gashi. Kafin yaro ya cika shekara mafi yawan mata kan ga kansu ya koma yadda yake.

Idan zubewar ta wuce wata shida ba ta lafa ba, to a nemi abin da ke ƙarƙashinta, kuma na farko a jerin shi ne ƙarancin jini. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Haihuwa kusa da kusa, jinin al'ada mai yawa, da abincin da ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe su ne manyan dalilai. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: malamai nawa ne a cikinmu ke fita da shayi da burodi, su wuni a tsaye gaban allo, su dawo su raba nama ga maigida da yara su haƙura da romo? Mai wannan matsala takan ji kasala, jiri, da haki in ta hau bene. Gwajin yawan jini da na ajiyar ƙarfe a jiki, wanda ake kira feritin, su ke tabbatar da ita. Hanta, nama, kifi, ƙwai, wake, awara, zogale da alayyafo suna taimakawa, musamman in an haɗa da lemo ko gwaba, an kuma jinkirta shan shayi bayan cin abinci, domin shayi na hana jiki tsotsar ƙarfe. Sai dai kada a sha ƙwayar ƙarin jini da ka, ba tare da gwaji ba, musamman masu sikila da ake yi wa ƙarin jini, domin su ƙarfen kan yi musu yawa ne.

Na biyu shi ne ƙullin da ke gaban wuya, wanda in ya kumbura muke kira maƙoƙo. In aikinsa ya yi ƙasa ko ya yi yawa, gashi kan zube, tare da sauyin nauyin jiki, jin sanyi ko zafi fiye da kima, da rikicewar al'ada. Shi ma gwajin jini ne ke nuna shi, kuma yana da magani.

Zubewar da hannunmu ke jawowa

A nan za mu daɗe, domin ita ce ta fi yawa a cikinmu, kuma ita ce muke da cikakken iko a kanta. Muna nufin cinyewar gashin gaba da na gefen kunne saboda ja. Likitoci sun fara bayyana ta a 1907 a wurin matan Girinlan masu ɗaure gashi tamau, wanda ke nuna cewa ba ta san launin fata ba, ja kawai ta sani. A nahiyarmu, binciken da Farfesa Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka yi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, aka buga a 2007, ya same ta a wurin kimanin kashi 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta, da kusan kashi 32 cikin 100 na manyan mata. Ku lura da tazarar da ke tsakanin lambobin biyu: abin yana farawa a ƙuruciya, yana ƙaruwa da shekaru. Sun kuma gano cewa haɗarin ya fi yawa idan aka yi kitso mai ja a kan gashin da aka sa wa man miƙarwa.

Mu da ke zaune a gefen ganuwa mun san yadda ta tafi. Ba rana ɗaya ta rushe ba. Kwando-kwando aka riƙa ɗibar ƙasarta, har aka wayi gari wasu wuraren babu ko alamarta. Haka gaban kai yake tafiya. Kitso ƙanana da aka ja har gira ta ɗaga, shuku da aka tattare sama da ƙarfi, ƙarin gashi mai nauyi, ribom da aka naɗe sau huɗu, acuci da aka ɗora a ƙeya, da ɗaurin ɗankwali a kan layi guda kullum, kowanne yana ɗibar kwandonsa. Hijabi a kan kansa ba ya cin gashi. Ɗaurin da ke ƙarƙashinsa ne ke ci.

Jiki kuwa yana gargaɗi tun da wuri. Zafi a lokacin kitso, ƙananan ƙuraje a bakin goshi, fatar da ta tattaro tsakanin layuka, ciwon kai, kasa kwanciya a daren da aka yi kitso. An raine mu a kan cewa kitso sai da zafi yake kyau kuma yake daɗewa, har uwa kan ba yarinya farasitamol ta ce ta daure. Wannan tarbiyya ce da ya kamata ta tsaya a kanmu. Kitson da ya sa aka nemi maganin ciwon kai, a tsefe shi a ranar, kuɗin kitson bai kai darajar tushen ba. Har ma malamanmu na fiƙihu sun yi bayani cewa kitson da ya tsananta har ruwa ba ya ratsa shi, sai an warware shi a wankan tsarki.

A shekarun farko, da an daina ja gashin kan dawo. In aka ci gaba, tushen kan mutu, wurin ya yi santsi yana sheƙi, kuma daga nan babu man da zai tayar da shi. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Game da man miƙar da gashi, wato rilaksa: yawancinsa sinadari ne mai ƙarfi irin na soda da ake haɗa sabulu da ita, yana miƙar da gashi ne ta hanyar karya ƙarfinsa. Raɗaɗin da ake ji ƙuna ce, ba shaidar yana aiki ba. Wadda ta ga ba za ta iya barinsa ba, ta bar aƙalla mako 8 zuwa 12 tsakanin shafawa, a shafa a sabon tsiro kaɗai, kuma kada a yi kitso sai bayan mako biyu. Haka baƙin rini na dayis, yana ɗauke da sinadarin da ke sa wasu kumburi da ƙuraje masu ruwa. Wadda ya taɓa yi mata haka a hannu, kada ta kai shi kai.

Sauran nau'o'in da ya kamata a sani

Akwai ciwon da ya sami abokiyar aikinmu. Yana farawa a tsakiyar kai, yana faɗaɗa a hankali kamar ɗigon mai a takarda, wani lokaci da ƙaiƙayi ko zafi, wani lokaci shiru. Kusan matan baƙar fata kaɗai yake kamawa. Da aka fara bayyana shi a Amurka a 1968 an ɗora laifin a kan matajin ƙarfe mai zafi, amma wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna cewa a wurin wasu matan akwai gado a ciki. Kumburi ne a ƙarƙashin fata ke cinye tushe ya bar tabo. Duk wadda mahaifiyarta ko yayarta ta yi sanƙon tsakiyar kai, ta riƙa sa a duba mata nata. Cutar lufus ma kan bar tabo a kai, tare da sauyin launin fata a wurin.

Akwai raguwar gado, wadda ta fi bayyana bayan ɗaukewar al'ada. Silin kan sirance, tsagar kitso ta riƙa faɗi, amma fatar lafiya lau take kuma tushen na da rai. In ta zo wa mace mai ƙuruciya tare da rikicewar al'ada, ƙurajen fuska da fitowar gashi a haɓa, a sanar da likitan mata, domin tana iya zama alamar matsalar ƙwan mahaifa.

Akwai kuma wadda ta fi jawo zargi: mace ta wayi gari ta ga fili zagayayye, sumul, kamar an ɗora kwabo an aske. Nan da nan sai a ce aljanu ne ko sammu. Garkuwar jiki ce ta yi kuskure ta far wa tushen gashi. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, tushen bai mutu ba, kuma da yawa kan warke cikin shekara guda ko ba magani. Addu'a makamin mumini ce a kowane hali, amma zargin bayin Allah ba tare da hujja ba zunubi ne da ke raba zumunci.

Magungunan da aka tabbatar

Maganin shafawa da ya fi kowanne hujja shi ne minoxidil. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, aka lura masu shanta gashi na fito musu. Amurka ta amince da na shafawa ga maza a 1988, ga mata a 1991. Akwai mai ƙarfin kashi 2 da mai kashi 5. Yana amfani ga raguwar gado, kuma likitoci kan ba da shi ga cinyewar gaba tun tushen bai mutu ba. Amma a san sharuɗɗansa kafin a fara. A fatar kai ake shafa shi, ba a kan sili ba. A makonnin farko zubewar kan ƙaru kafin ta ragu. Ba a ganin amfaninsa sai bayan wata 3 zuwa 6. In ya gangaro fuska yakan fitar da gashi a wurin. Mai ciki da mai shayarwa ba sa amfani da shi. Kuma ga mai raguwar gado, in ta daina, abin da ta samu zai zube cikin 'yan watanni. Ma'ana, kashe kuɗi ne na kowane wata, kuma mai albashin koyarwa ta cancanci a gaya mata haka tun farko ta yi lissafinta.

Akwai ƙwayoyin sha da likita kaɗai ke rubutawa, kamar spironolactone da minoxidil ɗan kaɗan na sha, waɗanda ke buƙatar a riƙa auna hawan jini, na farkon kuma har da gwajin jini. Finasteride da maza ke sha don sanƙo haɗari ne ga ɗan tayi namiji. Macen da ke iya ɗaukar ciki kada ta karɓe shi daga hannun mai kemis ko maigida.

Ga fili zagayayye da ciwon tsakiyar kai, likitan fata kan yi allurar rage kumburi a cikin fatar wurin duk bayan 'yan makonni, ko ya ba da na shafawa mai ƙarfi, wani lokaci da ƙwaya irin doxycycline. A ciwo mai tabo manufar ita ce a tsayar da shi, shi ya sa kowane wata na jinkiri asara ce. A 2022 Amurka ta amince da ƙwayar baricitinib ga waɗanda garkuwar jiki ta cinye musu mafi yawan gashi, sai dai tana da tsada ƙwarai kuma tana buƙatar sa ido. Dashen gashi, wanda ake ɗebo tushe daga ƙeya a dasa a gaba, yana yiwuwa ga wadda gabanta ya mutu kuma ciwon ya tsaya, amma aiki ne mai tsada da ba ya yi wa kowa.

A ina za a je? A fara da asibitin da aka yi rajista a ƙarƙashin shirin taimakekeniyar lafiya na jiha, KSCHMA, wanda ake cire mana kuɗinsa daga albashi. Haƙƙinmu ne mu amfana da shi. A nemi gwajin jini, in da buƙata a nemi takardar turawa zuwa likitan fata, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A tafi da kai a tsefe, da duk mayukan da ake shafawa, a kuma tuna abin da ya faru wata uku kafin zubewar ta fara. Wadda ta ga fili mai santsi, ko zafi, ko ƙuraje masu mugunya, ko zubewar da ta haura wata shida, kada ta ƙara jira. Wadda ke jin nauyin buɗe kai gaban namiji tana iya neman likita mace, ko ta tafi da 'yar uwarta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kayanmu na gida da na kasuwa

Ba mu zo don mu raina abin da muka gada ba. Karkashi yana sa gashi santsi, ya sauƙaƙa tsifa da taza. Man kaɗanya, man shanu da man kwakwa suna riƙe danshi. Garin cebe da ya zo mana daga Chadi yana lulluɓe sili ya rage karyewa, shi ya sa gashi ke samun tsawo. Duk waɗannan aikinsu a kan sili ne, kuma ga mai karyewar gashi alheri ne. Amma ba sa ƙara jini, ba sa kashe kumburin ƙarƙashin fata, ba sa raya tushen da ya mutu. Lafta mai a fatar kai kuma yana ƙara amosani, domin ƙwayar da ke haddasa shi maiƙo take ci. Maganinsa sabulun wanke kai mai ketoconazole. A kuma bar kai ya bushe kafin a rufe shi.

Abin da muke tsoro shi ne haɗe-haɗen da ake sayarwa a kwalba babu suna, babu jerin abin da ke ciki, babu lambar NAFDAC, da alƙawarin gashi har gadon baya cikin mako biyu. Gashin da ke tsiro santimita ɗaya a wata ba zai sauya ɗabi'arsa saboda talla ba. Ƙwayoyin biotin ma ba su da amfani sai ga mai ƙarancinsa, wanda ba kasafai ake samu ba, kuma suna iya rikita sakamakon gwajin maƙoƙo. Mai shansu ta sanar kafin a ɗebi jininta.

Nauyin da ke kanmu a makaranta

'Yan uwa malamai, a nan ne maganar ta zama ta ƙungiya. Kawunan dubban 'yan mata suna ƙarƙashin dokarmu. A makarantu da yawa mu ne ke faɗin kitson mako, mu ne ke dubawa ranar Litinin, mu ne ke hukunta wadda nata ya tsufa. Uwar da ke tsoron a doki 'yarta za ta ce wa makitsiya ta ja sosai don ya kai Juma'a. Ba da niyya ba, mun zama sanadin abin da yarinyar za ta yi kuka a kansa tana da shekara talatin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tun yana ɗanye kuma ake karya shi.

Muna roƙon shugabannin makarantu abu uku. A mayar da ma'aunin dubawa ya zama tsabta, a daina tilasta salo. A karɓi manyan kitso marasa ja, irin kalaba, a bar gashin bakin goshi ya huta. Malamar da ke dubawa kuma ta riƙa lura da ƙuraje a bakin goshi, ta aika wa uwa saƙo cikin mutunci.

Sai makero, wanda ya fi kama yara 'yan firamare: fili mai garin fari, da guntayen gashi, wani lokaci ya kumbura ya yi ruwa. Ƙwayar cuta ce da ke yaɗuwa ta mataji, kibiya, hula, hijabin aro da askar wanzami. Man shafawa kaɗai ba ya kashe shi, domin yana cikin silin. Sai an sha magani irin griseofulvin na mako 6 zuwa 8 bisa umarnin likita. In aka bar shi ya kumbura yana iya barin tabo na har abada. Yaron da ya fara shan magani ba sai an kore shi gida ba, kuma kada mu bari a yi masa waƙa a filin wasa. Muna kuma gargaɗi da babbar murya: kada a shafa wa yaro kananzir, man birki ko fiya-fiya a kai, don makero ko don kwarkwata. Guba ce, tana ƙona fata, tana iya kisa.

Muna roƙon shugabancin reshe ya gayyato likitan fata mace a wani zama na gaba, a keɓe wuri ta duba duk mai so.

Ga iyayen gida maza

Ku ne kaɗai kuke ganin abin da ɗankwali ke rufewa, don haka kalmarku tana da nauyin da ta kowa ba ta da shi. Wasa guda a kan goshin matarka yana iya sa ta shekara tana ɓoye maka kanta, ta kuma koma ga rilaksa da ƙarin gashin da suka jawo abin. Wanda ya ga sauyi, ya ce mata: shirya mu je asibiti. Mai jego kuma a ba ta nama da hanta, a yi mata haƙuri na shekara guda.

Mu mata kuwa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Yau da dare kowacce ta samu 'yar uwa ko babbar 'yarta ta duba mata tsakiyar kai da bakin goshi a haske, ita ma ta duba wa 'ya'yanta. Abokiyar aikinmu da muka fara da labarinta ta je ta nemi gafarar abokiyar zamanta, sun shirya, kuma ita ce yanzu ke raka ta asibiti ranar allura. Ta ce mu faɗa muku kada wata ta yi shekara uku irin nata.

 Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a aikinmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.